Kamfanonin Waya da Haƙƙin Mazauna Zangon Akara

Nauyin al'umma da ke wuyan kamfani, kamar yadda masana harkar kasuwanci suke fassara shi, shi ne haƙƙin da jama'a da muhalli suke da shi a kan kamfanin bayan harajin da doka ta ɗora masa, ɗorewa kuwa ita ce gudanar da sana'a ta yadda ribar yau ba za ta zama asarar 'yan baya ba. A Gana, kamfanin da aka fi auna shi da wannan ma'auni shi ne MTN, wanda ya shigo ƙasar a 2006 bayan ya sayi kamfanin da ke da layin Areeba, ya kuma bunƙasa har hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCA, ta ayyana shi a 2020 a matsayin wanda ya mamaye kasuwa.

Fuskar da aka fi gani ta wannan nauyi ita ce ta kyauta. MTN ya kafa gidauniyarsa a 2007, tana aiki a fannin lafiya da ilimi da koyar da sana'a, ma'aikatansa kuma suna ware kwana 21 a watan Yuni don aikin gayya, suna kuma shirya gangamin ba da jini a watan Fabrairu. Vodafone, wanda ya sayi kashi 70 cikin ɗari na Ghana Telecom a 2008 kafin ya sayar wa Telecel a 2023, ya yi suna da biyan kuɗin marasa lafiyar da aka sallama daga asibiti amma suka kasa tafiya gida saboda bashi. Babu mai raina waɗannan ayyuka, sai dai mazaunin Nima ko Maamobi, unguwannin Zango a Akara, ya fi haɗuwa da kamfanin waya a bakin rumfar wakilin MoMo, wato hada-hadar kuɗi ta wayar hannu, fiye da yadda yake haɗuwa da shi a wajen bikin miƙa tallafi.

MTN ya ƙaddamar da MoMo a 2009, kuma a unguwannin Zango, inda akasarin jama'a 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu waɗanda ba su saba da banki ba, tsarin ya zama asusun mai sayar da wake da tuwo, da hanyar biyan kuɗin hatsi da albasa da ake saukewa a kasuwar Nima, da kuma hanyar aika wa iyaye kuɗi a Tamale ko Bawku. Saboda haka duk ƙarin da aka yi a kan ladan tura kuɗi daga aljihun talaka yake fita, abin da ya bayyana ƙarara a watan Mayun 2022 lokacin da gwamnati ta ɗora harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a 2025. Harajin na gwamnati ne, amma ladan kamfani da tsaron asusu na kamfani ne, kuma 'yan damfara da ke kiran mutane suna iƙirarin sun tura kuɗi bisa kuskure, ko suna neman lambar sirri, sun fi samun sa'ar tsofaffi da waɗanda karatunsu na allo ne, domin saƙon gargaɗi da Turanci yake zuwa musu. Kamfanin da ke cin riba a unguwar da Hausa ce harshen ciniki da wa'azi ya kamata a ce gargaɗinsa yana isa kunne da Hausa, ta rediyo da bakin wakilai da masallatai.

Sabunta rajistar layuka da katin ɗan ƙasa, wadda aka fara a watan Oktoban 2021, ta taɓo wani tsohon miki, domin 'yan Zango da dama sun koka cewa ana tuhumar asalinsu saboda suna ko harshe, alhali an haifi kakanninsu a Akara, wanda kuwa aka toshe masa layi saboda rashin katin an toshe masa jarinsa da ke ciki.

Ɓangaren muhalli shi ne wanda aka fi yi wa shiru. Turakun sadarwa suna komawa kan janareta mai shan gas idan wuta ta ɗauke, kamar yadda aka sha gani a shekarun dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, tsakanin 2012 da 2016, matattun wayoyi da batura kuwa suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, yawancinsu samari daga arewacin ƙasar, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna ƙona wayoyin lantarki a Agbogbloshie da ke Akara don fitar da tagulla, suna shaƙar hayaƙi mai guba. Majalisa ta yi dokar kula da sharar lantarki a 2016, hukuma kuma ta rushe wurin a watan Yulin 2021, amma sana'ar ba ta mutu ba, ta watsu ne cikin lunguna da bayan gidaje, kusa da inda yara suke wasa, yayin da shagunan Kwame Nkrumah Circle suke ci gaba da sayar da sababbin wayoyi da na hannu kowace rana.