Ƙishirwa da haihuwa: abin da masana suka gani a jikin kusu

Makiyayi ya daɗe da sanin cewa dabbar da ba ta ƙoshi da ruwa ba takan yi jinkirin ɗaukar ciki. Amma me ke faruwa a cikin jikinta? Don gane wannan, masana sun koma ga farin kusu, wato ɓeran da ake kiwo a ɗakunan bincike.

Dalili shi ne jikin macen kusu yana tafiya kamar agogo. Kowane kwana 4 zuwa 5 takan saki ƙwai ta karɓi namiji, cikinta kuma bai wuce kwana 21 zuwa 23 ba. Tun 1922 Long da Evans na jami'ar Kaliforniya, a Amurka, suka bayyana matakan wannan zagaye. Saboda haka, in ya rikice, nan da nan a gane.

Kusu na shan kusan mililita 10 na ruwa a yini kan kowane giram 100 na nauyinsa. In aka rage masa, ƙwaƙwalwa takan ƙara sakin sinadarin vasopresin, wanda ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya ragu. Sai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: kusu mai ƙishirwa yakan rage cin abinci da kansa, ko da hatsi na gabansa. Ya rame. Jikin da ba shi da isasshen ƙarfi kuwa yakan sassauta sakin sinadarin LH, wanda in babu shi ƙwai ba ya fita. Zagayen ya yi tsawo, wani lokaci ya tsaya cik.

A nan ne aikin ke da wuya. Ƙishirwa ce ta dakatar da haihuwa, ko yunwar da ta jawo? Mai binciken kirki dole ya ware wasu kusa ya ba su ruwa isasshe, amma abinci daidai da na masu ƙishirwar, sannan ya kwatanta. Binciken da ya tsallake wannan, a ganinmu, bai cancanci a dogara da shi ba.

Manomi ma batun ya shafe shi. Kusan daji na Sahel sun fi haihuwa daga damina zuwa kaka, su lafa da bazara. Bayan babban fari na farkon shekarun 1970, da ruwa ya dawo, sun yi ambaliya a Senegal a 1975 da 1976, suka yi ɓarna a gonaki da rumbuna.