Tallar Neman Ma'aikata a Zangunan Akra: Abin da Take Nunawa Game da Albashi da Tsadar Rayuwa

1.0 Gabatarwa

Baƙon da ya sauka a Akra, wadda Hausawan Gana ke kira Ankara, zai iya gane halin rayuwar garin ta hanyar karanta takardun neman ma'aikata da ake liƙawa a bango da turakun lantarki. Wannan takarda za ta yi bayani a kan yadda ake karanta irin wannan talla a Sabon Zango da Nima da Mamobi, da kuma dalilin da ya sa adadin kuɗin da aka rubuta ba ya isa a yanke hukunci da shi.

2.0 Zango da Neman Aiki

Asalin ma'anar zango ita ce wurin da ayari ke yada kaya ya huta. Malam Baƙo ne ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuwa ta kafu wajen 1930. Tun daga lokacin baƙo kan sami aiki ta hannun maigida ko ɗan garinsu. Saboda haka tallar da ke bango ba ta nuna dukkan ayyukan unguwa. Galibi ƙananan ayyuka take nunawa: gadi, jiran shago, aikin gida, wanke-wanke a gidan abinci, da tuƙi.

3.0 Yadda Ake Karanta Adadin

Mataki na farko shi ne sanin kuɗin ƙasar. A watan Yuli na 2007 Gana ta sauya kuɗinta, inda sidi 10,000 na da ya koma sidi 1. Duk da haka bakin mutane bai saki tsohon lissafi da wuri ba. Idan dattijo ya ce “miliyan ɗaya”, mai yiwuwa sidi 100 yake nufi.

Mataki na biyu shi ne auna adadin da mafi ƙarancin albashi. Wani kwamiti da ya ƙunshi gwamnati da masu ɗaukar ma'aikata da ƙungiyoyin ƙwadago ne ke yanke shi, kuma a kan yini ake lissafa shi. A 2023 sidi 14.88 ne, a 2024 ya koma 18.15, a 2025 ya kai 19.97. Idan aka ninka na 2025 sau kwana 27, za a sami sidi 539 da 'yan kai a wata. Wajibi ne kuma a lura da shekarar tallar, domin a Disamban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100. Albashin da ya wadatar a farkon wannan shekara bai kai ko'ina ba a ƙarshenta.

4.0 Abin da Ke Gefen Adadin

Sau da yawa kalmomin da ke gefen kuɗin sun fi kuɗin bayani. Idan talla ta ce akwai wurin kwana, tana nuni ne ga matsalar haya. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata shida gaba, amma masu gidaje a Akra sukan nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Mai ƙaramin albashi ba shi da hanyar tara wannan, don haka yakan yarda da lada kaɗan muddin za a ba shi ɗaki. Sai dai ranar da aiki ya ƙare, ranar ce makwanci ke ƙarewa.

Haka nan idan aka ce ana son mazaunin kusa, ma'anar ita ce albashin ba zai ɗauki kuɗin torotoro, wato ƙananan motocin haya, kullum ba. Idan aka ambaci abinci, to kokon safe da ƙosai da shinkafa da waken rana sun shiga cikin ladan. Tallar da ta yi shiru a kan awoyin aiki kuwa abin tambaya ce, tun da dokar ƙwadago ta 2003 ta ƙayyade awa 8 a yini, 40 a mako.

5.0 Kammalawa

Mai karanta talla a zango yana bukatar tambayoyi uku: nawa ne, a wace shekara, kuma me aka haɗa da shi? Ana gane darajar albashi ne bayan an cire haya da mota da abinci, a ga abin da ya rage na aikewa gida.