Kumfar Iska a Mahaɗar Akwatin Kifi na Gilashi: Tantance Gaskiya da Jita-jita

Daga cikin abubuwan da ke tayar da hankalin masu kiwon kifin ado akwai 'yan ƙananan kumfar iska da ake hangowa a cikin silikon, wato danƙon nan mai laushin roba da ake manne gilasan akwatin kifi da shi. Wasu na cewa ganinsu alama ce ta akwatin ya kusa tarwatsewa, wasu kuma na cewa ba abin damuwa ba ne ko kaɗan, alhali kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya ne ya saki wani. Abin da ke raba gardamar shi ne sanin inda kumfar take, da siffarta, da kuma ko tana canzawa ko tana nan yadda take.

Tun daga shekarun 1960, lokacin da silikon ya fara maye gurbin firam ɗin ƙarfe da ake ɗaure gilasai da shi a da, kowace kusurwar akwati tana da silikon kashi biyu. Na farko shi ne siririn shafin da ke matse tsakanin bakin wani gilashi da fuskar ɗan'uwansa, wanda shi ne ainihin mahaɗa, kuma shi ke ɗauke da nauyi. Na biyu shi ne layin da ake shafawa ta ciki a lungun kusurwa a goge shi da yatsa, wanda aikinsa kare mahaɗar ne daga ruwa da datti da kaifin abin kankare gilashi. Nauyin da mahaɗar ke ɗauka ba ƙarami ba ne, domin akwati mai tsawon santimita 100 da faɗin 40 da zurfin 50 yana cin lita 200, wato kilo 200 na ruwa, kuma gilashin gabansa kaɗai yana fuskantar turi da ya kai kimanin kilo 125.

Maganar da ta fi yawo ita ce duk kumfar da aka gani tana nufin akwatin zai yi yoyo, kuma wannan ba gaskiya ba ne. Yawancin kumfar tana samuwa ne tun ranar haɗi, yayin da iska ta maƙale lokacin matso silikon daga bindigarsa ko lokacin danna gilashi a kan gilashi, kuma da zarar silikon ya ƙame sai ta tsaya cak a inda take. Kumfa mai siffar ƙwallo, mai girman kan allura ko ƙwayar gero, wadda lafiyayyen silikon ya kewaye ta ko'ina, ba ta buɗa wa ruwa hanya, kuma abin da ta rage na faɗin wurin da ya manne kaɗan ne ƙwarai. Idan ma a layin ciki take ba a mahaɗa ba, to aibinta bai wuce na rage kyan gani ba.

Haka nan babu tushe ga cewar zafin bazara zai kumbura iskar har ta fasa mahaɗar. Iskar da zafinta ya tashi daga digiri 25 zuwa 35 ba ta ƙaruwa da fiye da kimanin kashi 3 cikin ɗari, kuma silikon da ya ƙame yana jure miƙewa da zafin da suka zarce wannan nesa ba kusa ba.

Sai dai masu cewa kumfa ba ta taɓa zama haɗari su ma sun yi kuskure, domin akwai abin da ke kama da kumfa amma a zahiri saɓulewa ce, wato rabuwar silikon da fuskar gilashi. Ana gane ta da cewa ba ta da zagayen ƙwallo. Takan fito a shimfiɗe, fara ko mai ƙyallin azurfa idan an haska fitila ta gefe, wani lokaci da rassa sirara, kuma sau da yawa a wurin da a baya yake garau. Haɗarinta ya fi yawa idan ta doshi ƙasan akwatin, saboda matsin ruwa yana bin zurfi ne ba yawan lita ba, don haka kusurwoyin ƙasa su ne suka fi shan wahala. Kumfar da ta jeru ta haɗe har ta zama hanya daga cikin akwati zuwa waje, ko wadda ta cinye rabin kaurin mahaɗa, ko wadda koren gansakuka ya shiga cikinta, duk shaida ce cewa ruwa ya sami ƙofa ko ya kusa samu. Sanadin saɓulewa yawanci maiƙo ne ko ƙura da aka bari a gilashi kafin haɗi, ko zuba ruwa kafin silikon ya gama ƙamewa, ko ɗora akwati a kan teburin da ya karkace har gilasan suka riƙa murɗewa.

Batun ƙamewa na buƙatar bayani, domin nan ma akwai rashin fahimta. Silikon ba ya bushewa kamar fenti. Yana ƙamewa ne ta hanyar shan danshin iska, daga waje zuwa ciki, kimanin milimita 2 zuwa 3 a yini guda, kuma irin wanda aka fi amfani da shi a akwatin kifi yana fitar da wari mai tsami yayin wannan aiki. Saboda haka busasshiyar iskar hunturu a wurare irin su Kano da Damagaram jinkirta shi take yi, ba gaggauta shi ba, ga kuma ƙurar da ke sauka kan gilashi ta hana shi kamawa. Mai haɗa akwati a wannan lokaci ya kamata ya goge bakin gilasan da sifirit dab da haɗi, ya kuma ba babban akwati aƙalla mako guda kafin ya zuba ruwa. Raguwar ruwa a hunturu ma sau da yawa ƙafewa ce kawai, wadda ake ɗauka yoyo ne.

Akwai kuma shawarar da ake yawan bayarwa ta huda kumfar da allura ko lafta sabon silikon a kanta, wadda illarta ta fi amfaninta. Hudawa tana buɗe abin da yake a rufe, sannan sabon silikon ba ya kama tsohon da ya riga ya ƙame yadda ya kamata, don haka facin yakan ɓoye matsalar ne kawai. Idan layin ciki ne ya lalace, gyaransa shi ne a kankare shi duka da reza ba tare da an cusa ta cikin mahaɗa ba, a tsabtace, a sake sabo. Idan kuwa mahaɗar ce ta saɓule, babu makawa sai an raba gilasan an haɗa su daga farko. A kowane hali, gaskiya ne cewa ba kowane silikon ya dace ba, domin wanda ake sayarwa don banɗaki da kicin yakan ƙunshi maganin funfuna da ke iya cutar da kifi.

Hanyar da ta fi dacewa ga wanda ya ga kumfa ita ce ya yi alama a iyakarta ta wajen gilashi, ya ɗauki hotonta tare da rula, ya riƙa dubawa na wasu makonni. Sabon akwati ko na hannu kuwa a fara cika shi a tsakar gida a kan wuri madaidaici, a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashinsa na kwana biyu. Kumfar da ba ta motsa ba a bar ta, amma wadda ta tsallake alamarta tana buƙatar a rage ruwan nan take, a kwashe kifin zuwa wani mazubi, a nemi gwanin gilashi tun kafin mahaɗar ta buɗe.