Yadda Ake Kama Tamfol Da Kilif Kafin Hadari Ya Taso

Batun da muka ɗauko wannan karo ƙarami ne a ido, har wani zai ce ai wannan zancen yaran mota ne, ba na Alhazai ba. To amma duk wanda ya taɓa kwance buhun dusa ya tarar ta dunƙule ta yi tsami, ko ya ga harawar da ya saya da tsada ta yi baƙi ƙirin, ya san dukiya ce ke tsiyaya ta nan. Muna nufin tamfol, wanda direbobinmu na nan Togo ke ce wa bash, da yadda ake kama shi don kada iska ta yi gaba da shi.

Ku dubi hanyar da muke bi. Daga Sinkase, bakin iyakar Burkina Faso, a biyo ta Dapaong, Mango, Kara, Sokode, Atakpame har kasuwar shanu ta Adetikope kusa da Lome, tafiyar ta haura kilomita 600. A arewa damina ɗaya muke yi, galibi daga Mayu zuwa Oktoba, alhali kuwa a kudu ruwa kan sauka tun watan Maris ko Afrilu. Wato mota za ta yi lodi a Dapaong cikin zafin bazara, babu ko ɗigon gajimare, amma kafin ta kai Lome ta shiga ruwa tsamo-tsamo. Ga kuma Babbar Salla, wadda a 2024 da 2025 duk cikin watan Yuni ta faɗo, lokacin da kowa ya tara raguna da abincinsu a fili, rumfunan tamfol ko'ina.

Abin da muka lura da shi a shekarun da muka yi cikin sana'ar nan shi ne, da wuya tamfol ya fara yagewa daga tsakiya. Daga baki yake farawa, daidai inda aka kama shi. Waɗannan 'yan zobban ƙarfe da kamfani ke bugawa a gefensa, waɗanda muke ce wa ido, su ne ke ɗaukar dukan nauyin. Idon nan kuwa huda tamfol aka yi kafin a sa shi, an yanke zaren saƙarsa a wurin. Iska ta ja, ta saki, ta ja, ta saki, kwana kaɗan sai ido ya fita da guntun tamfol a jikinsa. Da zarar ɗaya ya fita, nauyinsa ya koma kan na kusa da shi, shi ma ya bi sahu. Daga nan sai yaron mota ya ɗauko wuƙa ya huda wani wuri ya zura igiya, wanda shi ne mafi muni, domin hudar wuƙa ba ta da baki, tsagewa kawai take jira.

Ƙarfin iskar ma ba kamar yadda muke ɗauka yake ba. Masu ilimin abin sun yi lissafi: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take bugawa da shi ninki huɗu yake yi. Tamfol mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, in ya tari iska gaba da gaba a gudun kilomita 40, nauyin da ke kansa wajen kilo 7 ne ko 8. In direba ya taka zuwa 80, sai ya koma wajen kilo 30. Wannan fa mita ɗaya ke nan. Ku ƙirga mita nawa ne a bayan tirela, sa'annan ku haɗa da iskar hadarin farkon damina in ta taso tana fuskantar motar.

A nan ne kilif ke da amfani. Wani ɗan abu ne mai baki biyu da haƙora a ciki, yawanci na roba mai tauri, bai wuce ya cika tafin hannu ba, yana da huda a gindinsa inda ake zura igiya ko ƙugiya. Ba ya huda tamfol. Cizonsa yake yi, ya riƙe wuri mai faɗin yatsu biyu ko uku, saboda haka jan yana rarrabuwa kan zare masu yawa maimakon ya taru wuri guda. Kuma kai ne kake zaɓar inda za ka sa shi. In tamfol ya yi wa kaya yawa, ka naɗe shi ka kama daga naɗin. In ido ya fita, ka sa kilif kusa da wurin aiki ya ci gaba, ba sai an kai wa mai ɗinki ba.

Sai dai ba duka ne suka zama ɗaya ba, kuma a nan ake cutar mutane. Akwai mai sukurun da ake murɗawa da yatsa har bakin ya matse. Akwai wanda ake tura wani ɗan katanga ko harshe a cikinsa, yadda duk lokacin da igiya ta ja sai ya ƙara cizo. A ra'ayinmu waɗannan biyun su ne na aiki, na biyun ma ya fi dacewa da mota tun da girgizar hanya tana iya kwance sukuru sannu a hankali. Na ukun shi ne mai sifirin, mai kama da abin shanya tufafi amma babba. Wannan ya yi kyau a kama labule a rumfa, ko a riƙe tamfol na ɗan lokaci kafin a ɗaure. Amma wanda ya dogara da shi a kan mota mai gudu, to ya shirya sayen sabon tamfol kafin ya kai Bafilo.

Wajen sa shi, a ninka bakin tamfol biyu kafin kilif ya ciza, musamman irin na ledar nan mara kauri, shuɗi ko fari. In tamfol ɗin yana da igiya a cikin kalmasarsa, a tura kilif ya wuce igiyar, yadda za ta zame masa matokara. A share ƙura da laka da mai daga wurin, domin haƙori ba ya kama abu mai santsi. Sa'annan igiya ta ja shi miƙe, daidai da yadda tamfol ya kwanta. In ta ja shi a karkace, ko dai ya zame ko wuyansa ya karye. Tazara kuwa, kamu biyu zuwa mita ɗaya tsakanin kowane biyu, a ƙara matso su a kusurwoyi da ɓangaren da ke fuskantar iska. Gara kilif goma kowanne da ɗan nauyi kaɗan, da huɗu da aka ɗaure kamar za a kayar da bijimi.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa shi ne roba. Kada a ɗaure kilif da jikin mota ko turke da busasshiyar igiya zalla. A sa robar cikin taya, irin wadda masu faci ke yankawa, tsakanin kilif da wurin ɗauri. In iska ta fizga, robar ce za ta miƙe ta shanye fizgar ta dawo, tamfol ya zauna a ɗame ba ya kaɗawa. Kaɗawar nan, fat-fat-fat da ake ji a bayan mota, ita ce ke cinye tamfol, kuma tana firgita shanu. Amma a yi hattara da ido wajen jan roba, domin in ta kufce da ƙugiya a bakinta ba ta san babba ba.

A kan mota, kilif mataimaki ne kawai. Aikinsa ya riƙe bakin tamfol, ba ya riƙe buhuna ba. Kaya sai an ɗaure su da igiya ko bel tukuna, a shimfiɗa tamfol, a sake ratsa igiya biyu ko uku ta samansa, sa'annan kilif ya kama gefe. In tamfol biyu za a haɗa, a fara shimfiɗa na baya, na gaba ya hau kansa, don kada iska da ruwa su sami ƙofa. Gaban lodi shi ne wurin da ya fi so a kula, a cusa shi ƙasa sosai bayan kan mota. In iska ta shiga ta nan, tamfol kumbura zai yi kamar balan-balan, babu kilif ɗin da zai riƙe shi. Bayan an yi 'yar tafiya a tsaya a duba, haka nan bayan hawa da gangaren Defale da na Alejo, inda kaya kan zauna igiya ta yi sako-sako. Kuma ba asarar tamfol kaɗai muke gudu ba. Hanyar nan cike take da masu babur, tamfol in ya tashi ya rufe fuskar na baya, maganar rai ake yi.

Akwai wata fa'ida da ta ƙara fitowa a 'yan shekarun nan. Tun da aka fara kai hare-hare a yankin Kpendjal a 2021, har gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes cikin watan Yuni na 2022, binciken motoci ya ƙaru a arewa, ban da na duwan da jandarma da muka saba. Lodin da aka ɗaure da ƙulli hamsin, in aka ce a buɗe, yaran mota sukan gaji su mayar da shi yadda suka ga dama. Mai kilif da ƙugiya kuwa, a cire huɗu ko biyar, jami'i ya leƙa, a mayar, mota ta tashi.

Yanzu mu zo kan abincin dabbobi da muke tarawa a gida ko a kara (ta shanu muke nufi, ba garin Kara ba): dusa, gurya, harawa, ƙaiƙayi, gishiri da kanwa. Nan ruwa ne abokin gaba fiye da iska. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tamfol mai mita 4 da mita 6, in aka yi ruwa na milimita 30, wanda ba wani abin mamaki ba ne a Sokode cikin Agusta, lita 720 ce ta sauka a kansa, fiye da ganga uku. In an shimfiɗa shi a kwance ya yi kwari a tsakiya, duk wannan nauyin bakin tamfol ne zai ɗauka. Don haka a tara kaya da tudu a tsakiya, ko a gitta itace ya zama kamar jinka, ruwa ya gangare. A sa katako ko duwatsu a ƙasa, buhu kada ya taɓa ƙasa. Kuma kada a rufe ruf har ƙasa. Tamfol yana gumi ta ciki, rana ta buga, dare ya yi sanyi, raɓa ta ɗiga kan buhunan sama ko da ba a yi ruwa ba. Da kilif ana iya jan bakin tamfol waje zuwa turaku, a bar kamu ɗaya a ƙasa iska na ratsawa.

Wani zai ce in dusa ta ɗan yi fumfuna ai sai a shanya a ba su, dabba ce. A'a. Akwai fumfunar da ke fitowa a masara, gyaɗa da gurya, tana haifar da guba mai suna afalatoksin, kuma shanyawa ba ta kashe gubar, dafawa ma haka. A Ingila cikin 1960, talo-talo wajen 100,000 suka mutu saboda tunkuzar gyaɗa mai wannan guba, daga nan ne ma aka gano ta. A Kenya cikin 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta kamu. Ga shanu tana taɓa hanta, ta rage ci, sa ya yi ta cin kuɗinka ba ya ƙiba, kuma tana bi ta nonon saniya ta kai ga 'ya'yanmu.

Su kuwa dabbobin da kansu, in suna cikin mota, ba a lulluɓe su kamar buhuna. Shanu talatin a wuri guda, numfashinsu da zafin jikinsu da warin fitsari, in aka toshe musu iska sai su fara faɗuwa, wanda ya faɗi kuma 'yan'uwansa su tattake shi. In dole ne a yi musu inuwa ko kariya daga ruwa, musamman tumaki da ba sa jure jiƙewa, a ɗaga tamfol sama da ƙahonsu, a kama shi da sandunan sama, gefe da gefe a bar su a buɗe. Dabba amana ce a hannunmu har a sauke ta.

A kuma tsince duk abin da ya karye. Saniya ba ta tantance abin da take haɗiya. Mahauta sun sha ciro leda da igiyar roba dunƙule guda daga tumbi. Guntun waya ko sukurun ƙarfe ya fi haɗari, domin yakan faɗa ƙaramin tumbin nan da ke dab da zuciya, ya huda ya wuce. Saboda wannan ne ba mu son ɗaure tamfol da waya a kusa da kwamin abinci, kilif mai sukurun ƙarfe ma a nisanta shi daga nan.

Wanda bai sami kilif ba, dabarar iyayenmu tana nan, kuma hikimarsu ɗaya ce. A sami ɗan dutse mai sulɓi kamar ƙwan zabuwa, a sa shi ta ƙarƙashin tamfol, a tattara tamfol ɗin a kansa, a shaƙe wuyan da igiya. Babu huda, kuma yana riƙewa ƙwarai. Aibinsa kawai yana tattare tamfol ya rage masa faɗi, kuma kwance shi cikin ruwa da dare akwai wuya.

In za ku saya, ku tafi da guntun irin tamfol ɗinku, domin bakin da aka yi don leda mara kauri ba zai haɗiyi kalmasar babban bash na tirela ba, wanda aka yi don mai kauri kuma ba zai kama leda ba. A matse shi a gaban mai shago, mutum biyu su ja. Ku lanƙwasa bakin kaɗan: in wurin ya yi fari, robar ba ta da kyau, rana ɗaya ta Mango za ta gama da ita. Baƙaƙen sun fi masu launi jure rana. Ku sayi fiye da abin da kuke bukata, a ajiye ragowar cikin akwatin direba tare da robar taya, kuma in rani ya shigo aka naɗe tamfol, a cire su a zuba a gwangwani cikin inuwa.