Kwana Goma Sha Biyu a Jere Babu Hutu: Yadda Dokar Kalifoniya Ke Ƙidaya

A jihar Kalifoniya ta Amurka, ma'aikaci zai iya shafe kwana goma sha biyu a jere yana aiki babu hutun ko yini guda, kuma mai kamfani bai taka doka ba. Abin mamakin shi ne, jihar tana cikin waɗanda suka fi tsaurara dokar kuɗin ƙarin lokaci a ƙasar, har tana da tanadi na musamman a kan wanda ya yi aiki rana ta bakwai a jere. Wanda ya ji haka sai ya ɗauka da zarar ya cika kwana bakwai kuɗinsa zai ƙaru. Sau da yawa ba ya ƙaruwa, domin yadda jiki ke ƙidaya kwanaki daban, yadda doka ke ƙidayawa daban.

Dokar ƙwadago ta tarayya, wadda aka kafa a 1938, abu ɗaya ta ɗora wa mai ɗaukar aiki a wannan fanni: duk awar da ta haura 40 a mako, a biya ladanta da ƙarin rabinsa. Ba ta ce komai a kan yawan awoyi a yini ba, ba ta kuma tilasta ranar hutu ga baligi ba. A batun kuɗin ƙarin lokaci, jihohi irin su Tekzas a nan suka tsaya. Kalifoniya ta zarce. Sashe na 510 na dokar ƙwadagonta ya ce awar da ta haura takwas a yini ita ma lada da rabi ce, wadda ta haura goma sha biyu kuwa ninki biyu. A rana ta bakwai a jere, awa takwas na farko lada da rabi, abin da ya biyo baya ninki biyu. An taɓa soke lissafin yini a 1998, majalisar jiha ta dawo da shi daga farkon shekarar 2000.

Mu ɗauki wanda ake biya dala 20 a awa, yana aikin awa biyar kullum, kwana bakwai cif. Jimilla awa 35 ke nan, bai kai 40 ba, don haka a lissafin tarayya ba ya bin kowa ko sisi. A Kalifoniya awa biyar na rana ta bakwai dala 30 ce kowace, wato dala 150 maimakon 100. Idan ranar ta ja shi har awa goma, awa biyu na ƙarshe dala 40 ce kowace. Masu aikin rabin yini a shaguna da gidajen abinci su ne wannan tanadi ya fi amfana, tunda mai aikin awa takwas kullum ya riga ya haura 40 tun a rana ta shida.

To, ina kwana goma sha biyun suka fito? Daga ma'anar mako. A idon doka, makon aiki awa 168 ne a jere, kuma mai kamfani ne ke yanke ranar da zai fara. Yana iya cewa Lahadi, yana iya cewa Laraba. Rana ta bakwai da ake biya wa ƙari dole ta kasance ta bakwai a cikin wannan mako guda. Da sabon mako ya shiga, ƙidaya ta koma ɗaya.

A kamfanin da makonsa ke farawa Lahadi, a ba mutum hutu ranar Lahadi, ya yi aiki daga Litinin zuwa Asabar. Sabon mako ya shiga, ya ci gaba daga Lahadi zuwa Juma'a, ya huta ranar Asabar. Kwana shida a makon farko, shida a na biyu, goma sha biyu a jere, amma a takarda kowane mako ya samu hutunsa. Idan awa takwas yake yi a kullum, zai samu ƙari a kan awa takwas da suka haura 40 a kowane mako. Idan awa shida yake yi, 36 ke nan a mako, babu ƙarin ko kwabo.

Kotun ƙolin jihar ce ta tabbatar da wannan fassara a 2017, a ƙarar da wasu ma'aikata suka shigar a kan kamfanin shagunan Nordstrom. Sun kafa hujja da sashe na 551 da na 552, waɗanda suka ba ma'aikaci hutun yini ɗaya a cikin bakwai, suka kuma hana a sa shi aiki fiye da kwana shida. Alƙalai suka ce da makon aiki ake auna hutun, ba da kowane kwana bakwai da suka biyo juna ba. Suka ƙara da cewa laifi ne mai kamfani ya tura ma'aikaci ya bar hutunsa, amma ba laifi ba ne idan ma'aikacin ya san haƙƙinsa kuma ya zaɓi ya yi aikin da kansa. A nan ne nake da ja. Wanda kuɗin haya ke jira, shugabansa ya ce masa "ko za ka iya zuwa gobe?", zaɓinsa bai wuce na wanda aka tambaya ko yana son ruwa a tsakiyar rani ba. Dokar ta bar wannan gurbi a buɗe.

Jihar Ilinoyi ta ga ɓarakar ƙidayar mako ta toshe ta: daga 1 ga Janairun 2023, hutun awa 24 ya wajaba a cikin kowane kwana bakwai a jere, ko da sun ratsa makonni biyu. Jihar Kentaki ma tana sa a biya lada da rabi a rana ta bakwai, sai dai ba ta haɗa da wanda bai haura awa 40 a makon ba.

Ba kowa tanadin Kalifoniya ya shafa ba. Manajoji da ƙwararru masu albashin wata, waɗanda albashinsu ya kai ninki biyu na mafi ƙarancin ladan jiha, suna waje. 'Yan ƙungiyar ƙwadago da ke da yarjejeniyar da ta cika sharuɗɗa, yarjejeniyarsu ake bi. Inda yanayin aiki ya tilasta a yi kwana bakwai ko fiye a jere, ana iya tara ranakun hutu a bayar a cikin wata, amma kuɗin rana ta bakwai yana nan daram.

Tambayar da ta kamaci sabon ma'aikaci ya yi tun ranar farko ita ce, yaushe makon wannan kamfani yake farawa? Inda ba a yanke ba, hukumar ƙwadago ta jiha tana ɗaukar Lahadi zuwa Asabar. Mai kamfani zai iya sauya ranar, amma ba don ya kauce wa biyan ƙari ba. Wanda yake ganin an ci masa haƙƙi yana da shekara uku ya kai kuka ofishin Kwamishinan Ƙwadago, kuma sashe na 1171.5 ya ce rashin takardar zama a ƙasar ba ya hana a biya mutum ladan aikin da ya riga ya yi. Takardun biyan albashi da jadawalin aiki na kowane mako su ne hujjar da za a fara nema a wurinsa.