KAFIN HADARIN FARKO YA TASO: ABIN DA KE SA ISKA KE KWASHE RUFIN GIDAJENMU

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau hirar ta rufin ɗaki ce. Na san wani zai ce, to mu matasa ina ruwanmu da kwano? Ɗan'uwa, ranar da iska ta yaye ɗakin Inna da tsakar dare, kai za a tasa ka riƙe tocila.

Ni ya faru da ni a gidanmu na Augie. Farkon damina ne, bayan isha'i, gari ya yi tsit, zafi kamar a tukunya. Can sai gabas ta yi baƙi, ƙura ta taso. Kafin mu gama kwashe shimfiɗa daga tsakar gida, sai muka ji wata ƙara, ɗakin ƙanena ya koma fili, muna hango walƙiya daga ciki. Da safe muka tsinci rufin a bayan gidan maƙwabta. Abin da ya ba ni mamaki, kwanon bai rabu da katakonsa ba, duk kusoshin suna nan daram. Gaba ɗaya ya tashi kamar an cire hula. Wani tsohon kafinta ya duba kan bangon, ya ce mini: "Yaro, wanga rufi ajiye shi anka yi, ba a ɗamre shi ba."

Wannan maganar ita ce shirinmu na yau.

Da yawanmu mun ɗauka iska tura rufi take yi. A'a, ɗaga shi take yi. Gwada yanzu: riƙe takarda a ƙasan leɓenka, ka hura iska ta samanta, za ka ga ta ɗago. Haka iska mai gudu ke tsotsar kwano idan ta bi ta kansa. In kuma ƙofa ko taga na buɗe ta ɓangaren da iskar ke fitowa, sai ta cika ɗakin ta dinga turo rufin daga ciki. Ana ja ta sama, ana turi ta ƙasa. Kuma idan gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfinta sau 4 yake ninkawa. Shi ya sa rufin da ya sha hunturu lafiya lau yake tashi a dare ɗaya.

A yankinmu, daga Augie zuwa Argungu har Birnin Kebbi, hadari mai iska galibi daga gabas yake tasowa, kuma ya fi muni a farkon damina, wajen Mayu da Yuni, sai kuma lokacin da ruwa zai ɗauke. Ka duba tsofaffin gidajen ƙasa a garinku, bangon gabas ne ya fi zaizayewa.

To ka ɗauki rufi kamar sarƙa. Kwano na riƙe da kusa, kusa na riƙe da tu-bai-tu, shi kuma yana kan rafta, rafta na kan bango. Inda ya fi rauni nan za ta tsinke, kuma a gidajenmu yawanci wajen haɗuwar katako da bango ne. Maganinsa ba tsada: langa-langa ko siririn rodi. A binne shi cikin ginin, layin bulo biyu ko uku ƙasa da saman bango, ko cikin linta, sannan a naɗe katakon da shi a buga kusa. In ginin ya riga ya tsaya, ana iya huda bango a zura a ɗaure. Kuɗin wannan aiki bai kama ƙafar kuɗin bandir ɗaya na kwano ba.

Sai kusa. A yi amfani da mai hula, a buga ta a kan tudun kwano. Kwarin hanyar ruwa ce, duk kusar da ke nan yoyo ce. A gefe-gefe da kusurwa a ƙara yawan kusa, domin daga nan iska ke fara ɓamɓara. Kada a bar bakin kwano ya zarce bango da yawa, yana ba iska wurin kamawa. Rufi mai gangara huɗu kuma ya fi mai gangara ɗaya jure iska. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da muke ɗorawa fa? Suna ɗan taimakawa, amma in babbar iska ta zo, dutsen nan kan mutum zai faɗo.

Kada a manta da gara. Katako zai yi kyau a ido alhali cikinsa ya zama gari. Ka soka masa kusa ko wuƙa, in ta shige ba wahala, a canza shi. Sabo kuma a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗora.

Masu soro, naku aikin daban ne. Soro ba ya tashi, rufto wa mutane yake yi. Azarar giginya na daɗewa, amma in indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a sama, ƙasar za ta jiƙe ta yi nauyi. A hau a share indararo, a cike tsaga, a sake yaɓe tun rana na da zafin busar da shi. Kakanninmu da makuba suke shafe bango, daga kwasfar ɗorawa, kuma duk shekara suke duba gini. Mu ne muka ɗauka siminti ya raba mu da wannan wahala.

Ga wani lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mita 1 tsawo da faɗi, lita 1 ne. Rufi mai mita 10 kowane gefe, in aka yi ruwa milimita 50, ya tara lita 5,000, wato duro 25. Duk a gindin bangonka zai zuba. In ba ka yi masa hanya ba, shi zai yi wa kansa. A yi dakali ko a ɗaga ƙasa a gindin bango, a yashe kwata, a sassare reshen dogon yaro da ya rataya kan ɗaki.

Mu mutanen bakin Gulbin Rima mun san ambaliya, ba mu manta da 2020 ba, da ruwa ya shanye shinkafar fadama a Kebbi. Wannan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma ɗaure rufi aikin yini guda ne.

In kuma hadarin ya riga ya taso, a rufe ƙofa da taga, a shigar da yara. Kada kowa ya hau sama wai zai danne kwano, kada a fita bin wanda ya tashi. Kwano a cikin iska wuƙa ne. In waya ta faɗo tare da shi, kada a taɓa.

Don haka wannan Juma'ar, bayan an sauko masallaci, ka ɗauki tsani ka leƙa saman bangon ɗakin tsohuwarka. Ka ga langa-langa, ko ajiye rufin kawai aka yi? In ba ka gane ba, kira kafinta tun bai shiga rububin gyara ba, don bayan iskar farko kuɗin aiki da na kwano duk tashi suke yi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.