Dutse a Khartoum: Kayan Ginin Masu Mulki

Duk wanda ya dubi tsofaffin unguwannin Khartoum da Omdurman zai gane cewa dutse bai taɓa zama kayan ginin talaka ba a can. Biranen suna zaune ne a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, inda ambaliya ke zube laka kowace shekara, don haka jama'a suka riƙe ginin ƙasa da jan bulon da ake gasawa a bakin kogi. Su kansu masu mulki sun daɗe suna ɗibar na wasu maimakon su fasa dutse. Turkawan Masar da suka kafa Khartoum bayan 1821 sun yi ta kwaso bulo daga kufan Soba, tsohuwar cibiyar daular Alwa. Da Mahadi ya ci Khartoum a 1885, ya rasu cikin shekarar, sai Halifa Abdullahi ya sa aka kwashe kayan ginin Khartoum aka haye da su Omdurman, inda ya gina gidansa da hubbaren Mahadi. Kitchener, janar ɗin Ingila, ya rushe hubbaren bayan yaƙin Karari a 1898, ba a sake tayar da shi ba sai 1947.

Wani zai ce ai dutsen ba nisa ya yi ba. Tsaunukan Markhiyat na bayan Omdurman, ga kuma Sabaloka mai nisan kilomita 80 a arewa, inda mutanen dā can suke samo ƙaƙƙarfan dutsen yin gatari. Haka ne, amma ganin dutse daban, fasa shi da ɗauko shi daban. Dutse mai tauri irin giranit sai da nakiya, da gwanayen sassaƙa, da abin dakon da ya fi ƙarfin jaki da raƙumi, kuma wannan ɗawainiya baitulmali kaɗai ke iya ɗaukarta. Ga shi kuma ɗakin ƙasa ya fi sanyi a garin da rana ke ƙuna haka, to me zai kai mai iyali ga dutse?

Shi ya sa fasa giranit da yawa ya jira zuwan layin dogo, wanda ya iso gaɓar Khartoum ta arewa a ƙarshen 1899. Madatsar ruwan Jabal Awliya, da aka gina a kan Farin Nilu tsakanin 1933 da 1937, ita ce babbar shaida: daga dutsen Sileitat, arewa da Khartoum, aka fasa giranit ɗinta aka kai kudu. Gwamnatin Masar ce ta biya kuɗin aikin don tara wa manomanta ruwa, kuma madatsar ba ta koma hannun Sudan ba sai 1977.